Tukwanen Burkutu: Tarihin Kayan Dafa Giyar Dawa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Hukuncin giya a addinin Musulunci sananne ne ga babba da yaro, aya ta 90 a cikin Suratul Ma'ida ta riga ta yanke magana a kansa, kuma babu abin da wannan maƙala za ta ƙara ko ta rage. Sai dai aikin mai nazarin tarihi shi ne ya rubuta yadda mutanen ƙasa suka rayu, da abin da suka sarrafa da hannunsu, ko da abin yana cikin waɗanda addini ya zo ya hana. Dafa burkutu sana'a ce da ta daɗe a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, mata ne suka riƙe ta, kuma ta ciyar da magina tukwane da masu saran itace da masu saƙar kwando.

A nan zan taƙaita ne a kan kayan aikin, wato abin da mace take tanada idan ta tashi daga ɗan dahuwar cikin gida zuwa cikakkiyar sana'a, tun daga ƙwayar dawa har zuwa randa. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, dawa ce da kanta ta tsara waɗannan kaya. Kowace tukunya da kowane kwando suna maganin wata matsala ce da ke cikin halittar ƙwayar. Za kuma mu ga yadda manyan masana'antun Nijeriya suka ci karo da waɗannan matsaloli a shekarar 1988.

Daɗewar sana'ar

Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi ya buga a 1908, ya jera manyan mutanen da ke zaune a gindin Dala a zamanin Barbushe, kowa da sana'arsa. A cikinsu akwai Gijigiji maƙeri, da Hanburki mai magani, da Maguji mai haƙo tama, sannan da Bugazau wanda aikinsa shi ne dafa giya. Sanya mai dafa giya a jeri ɗaya da maƙeri ya isa ya nuna matsayin sana'ar kafin Musulunci ya kafu.

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, giya ta bar fada da birni, ta koma ƙauyukan Maguzawa, waɗanda daular ta bar su a kan al'adunsu suna biyan jiziya. A 1826 matafiyin nan Hugh Clapperton ya sauka a garin Kulfo na ƙasar Nufe, ya kuma rubuta cewa matar da ta ba shi masauki tana cinikin giyar hatsi da bammi. A ƙarni na 20 kuwa, Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, Jerome Barkow kuma ya yi nasa binciken a ƙasar Zazzau wajen ƙarshen shekarun 1960. Dukansu sun ga cewa da wuya a yi biki ko tsafi ko gayya babu giya. A can Filato, Robert Netting ya wallafa nazari a 1964 a kan ƙabilar Kofyar, inda ya nuna da giya ake biyan 'yan aikin gona, da ita ake biyan tara. To duk inda giya ta zama abin biyan lada, matar da ta fi yawan tukwane mijinta ne zai fi tara hannaye ranar noma.

Kayan tsiro

Matakin farko shi ne tsirar da dawa. Busasshiyar ƙwaya cike take da sitaci, shi kuwa sitaci ba ya zama giya sai ya fara zama sukari. Idan ƙwaya ta jiƙa ta soma tsiro, takan samar da wasu sinadarai, waɗanda masana kimiyya ke kira inzayim, masu narka sitaci su mai da shi zaƙi don ciyar da ɗan tsiron. Mai dafa burkutu takan bar ƙwayar ta fara wannan aiki, sannan ta tsayar da shi ta hanyar shanya.

Kayan da wannan mataki ke buƙata ba su da tsada. Akwai randa ko kwatarniya ta jiƙo, inda dawa ke kwana a ruwa. Akwai kwando na tsamewa. Akwai daɓen ɗaki mai inuwa, ko tabarma, inda ake baza dawar a lulluɓe ta da ganye ko jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma na kwana 3 zuwa 5. Daga nan sai shanya a rana kwana ɗaya ko biyu, a kan fa ko tabarma. Idan ta bushe sai a murtsuke ta a sheƙe da faifai don saiwoyi da 'yan tsiron su fita. Wannan sheƙewa tana da dalili. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe dabba, gubar da ke cikin gyauron kuwa tana nan a cikin ɗanyen tsiro. Shanya da sheƙewa da doguwar tafasa su ke rage ta.

Sai niƙa. Dutsen niƙa ya fi turmi dacewa da wannan aiki, domin ana son barzajjen gari mai ɗan tsakitsaki. Idan garin ya yi laushi ainun zai cure ya toshe mataci, idan kuma ya yi gautsi da yawa ruwa ba zai ratsa shi ba. Shi ya sa da injin niƙa ya shigo ƙauyuka, mata kan tsaya a kan mai inji su sa ya sassauta faranti.

Dalilin yawan tukwane

Duk wanda ya taɓa shiga gidan da ake dafa burkutu zai ga tukwane a jere, wasu a kan wuta, wasu a ƙasa. Mai kallo zai zaci yawan masu sha ne ya kawo yawan tukwane. Babban dalilin yana cikin ƙwayar dawa ne.

Sitacin dawa ba ya nuna ya saki jiki sai zafi ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, wani lokaci ma ya haura. Su kuwa sinadaran da ke mai da shi sukari, a daidai wannan zafi suke fara mutuwa. Ke nan idan aka zuba garin tsiro da ruwa a tukunya ɗaya aka hura wuta, kafin sitaci ya nuna masu narka shi sun hallaka, abin da za a samu kunu ne kawai. Sha'ir ɗin da Turawa ke amfani da shi ba shi da wannan matsala, domin sitacinsa yana nuna a zafin da bai kai haka ba.

Dabarar da matan suka gada ita ce raba aikin gida biyu. Sai a dama garin da ruwan sanyi a babbar kwatarniya, a bar shi ya kwanta. A wasu wurare akan zuba yauƙin ɓawon dargaza ko na karan kuɓewa don ya hanzarta kwanciyar. Ruwan da ya taso sama shi ke ɗauke da sinadaran, sai a kwashe shi da ƙwarya a hankali a adana a wata randa can nesa da wuta. Kaurin da ya rage a ƙasa shi ake juyewa a tukunyar wuta a dafa, ana motsawa da doguwar muciya don kada ya kama. Idan ya nuna sai a sauke, a haɗa shi da wancan ruwan sanyi da aka ajiye. Haɗuwar zafi da sanyi takan kawo ɗumin da sinadaran ke so, nan da nan kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito. Babu ma'aunin zafi a gidan, yatsa da harshe su ne ma'auni.

Saboda haka mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne mazubi uku: na dami, na ajiye ruwan sama, da na wuta. Bayan haɗawa akan bar shi ya kwana ya yi tsami. Tsamin yana ba shi ɗanɗanon da aka san shi da shi, yana kuma hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Washegari sai tata, sannan tafasa ta biyu wadda kan ɗauki sa'o'i da dama, kuma ita ce ke cinye mafi yawan itace.

Wajen tata ma dawa tana da nata hali. Ƙwayar sha'ir tana da ƙaiƙayi manne a jikinta, wanda kan taru a gindin mazubi ya zama mataci da kansa. Dawa kuwa tsirara take fitowa daga sussuka. Don haka dole a kawo mataci daga waje: kwando mai tsinin gindi da aka shimfiɗa wa ciyawa, a ɗora shi a kan gwafanni, a tara randa a ƙarƙashi. Wanda aka tace sosai ya fito garau shi ake kira fito, wanda aka fi sani a arewacin Ghana. Burkutu kuwa akan bar shi da kaurinsa. Dusar da ta rage abincin dabbobi ce.

Ta ƙarshe ita ce randar tashi, inda ake juye dafaffen ruwan bayan ya huce, a zuba masa ragowar tsohon dahuwa, ya kwana ɗaya ko biyu yana kumfa. Wannan randa ba a goge cikinta ƙwarai, domin jikin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da yisti ke maƙalewa a ciki daga wannan dahuwa zuwa na gaba. Shi ya sa tsohuwar randa ta fi sabuwa daraja. Daga jiƙo zuwa sha, aikin kan ɗauki kamar mako guda.

Yadda mace ke tara kayanta

A shekarun da na yi ina rangadin aiki a ƙauyukan kudancin ƙasar Kano, na sha tambayar tsofaffin mata yadda suka fara. Amsar kusan iri ɗaya ce. Yarinya takan koya a gindin uwarta, tana ɗebo ruwa da iza wuta. Idan ta yi aure takan fara da mudu kaɗan, da tukunyar tuwo da aron randar maƙwabciya, wani lokaci ma ta sayi tsiron da wata ta riga ta shanya. Ranar da ta yanke shawarar yin komai da kanta don sayarwa ko don gayyar mijinta, ranar ce take fara sayen kaya.

Tsarin sayen yana da hikima. Tukunyar wuta ake fara nema, domin ita ke ƙayyade yawan abin da za a dafa, ita ce mafi tsada, ita ce kuma mafi saurin fashewa. Ana ƙwanƙwasa ta da yatsa a kasuwa, wadda ta yi ƙara tangaran ita ce lafiyayya, wadda ta yi dum tana da tsaga a ɓoye. Ana son mai zagayayyen gindi don harshen wuta ya lashe ta ko'ina, da faɗin baki don muciya ta samu wurin juyawa. Bayan ta sai randar tashi, mai ɗan matsattsen wuya, wadda dole ta fi abin da za a zuba mata girma saboda kumfa. Kwatarniya da kwando da masaki da ludayi su ke zuwa daga baya. Tsofaffin sun ce kuskuren sabuwar shiga shi ne ta sayi ƙatuwar tukunyar wuta ba ta da randar da za ta ɗauke abin da ta dafa, ko ba ta da itacen da zai tafasa ta.

Murhu ma yakan canja. Duwatsu uku ba sa riƙe tukunyar da ta cika maƙil, don haka akan gina murhun laka mai ɗaukar tukwane biyu zuwa huɗu a lokaci guda, a liƙe su a ciki har wuya, wuta ɗaya tana ratsa su duka. Wannan gini yana rage cin itace, yana kuma hana tukunya motsi.

Su kansu tukwanen, gashin fili ake yi musu da kara da ciyawa, yumɓun kuma a gauraye yake da tsakuwa ko dakakken katanga. Irin wannan jiki shi ke jure harshen wuta kai tsaye, abin da tangaran mai ƙyalli ba ya iyawa. Michael Cardew, wanda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, ya yaba wannan fasaha matuƙa. A cikin matan Gwari masu gina manyan randuna ne ya samu Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, wadda kuma hotonta ke bayan takardar Naira 20.

Zuwan garwa da duro

Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana shigo da barasar Turai yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Turawan mulki kuma suka sanya Arewacin Nijeriya cikin wannan yanki. Hanin bai kashe ƙishin masu sha ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, barikokin soja da sansanonin haƙar kuza a Jos suka cika da ma'aikata masu albashi. Burkutu ya tashi daga abin biki ya zama hajar yau da kullum, kuma tukunyar ƙasa ta kasa ɗaukar wannan kasuwa.

Garwar kananzir mai cin galan 4, wato kimanin lita 18, ita ta fara shigowa a matsayin abin ɗiban ruwa da awo. Daga baya duron man fetur mai cin galan 44, kimanin lita 200, ya hau murhu, ko dai sukutum ko a yanka shi biyu. Amfaninsa a fili yake: ba ya fashewa, yana saurin ɗaukar zafi, kuma guda ɗaya yana maye gurbin tukwane da yawa. Bayansa sai tukunyar dalma ta 'yan ƙira, sannan bahon roba da jarka.

Amma sauƙin ya zo da hasara iri uku. Ta farko ta shafi lafiya. Ruwa mai tsami yana cin ƙarfe, kuma likitoci a Afirka ta Kudu sun tabbatar da cewa masu yawan shan giyar da aka dafa a duron ƙarfe, ƙarfen kan taru musu a hanta ya lalata ta. Ga kuma haɗarin duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki. Ta biyu ta shafi aikin kansa, domin gindin duro siriri ne kuma shimfiɗaɗɗe, kauri kan kama ya ƙone. Shi ya sa na ga mata da yawa sun karɓi duro don tafasa, amma sun ƙi rabuwa da randar ƙasa wajen tashi. Ta uku ta faɗa wa magina. Babbar tukunya ita ce gwajin gwanintar magini, kuma masu burkutu su ne manyan masu sayenta. Da suka koma duro, sai masu iya gina ta suka yi ta raguwa.

Darasin shekarar 1988

Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbarsa ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Injinan irin waɗannan masana'antu duk an ƙera su ne don tsiron sha'ir da ake shigowa da shi daga Turai. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi, ya zama tilas a koma ga dawa da masara. Irin dawa mai suna SK 5912, gajeriyar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, yana cikin waɗanda aka dogara a kansu.

Nan take injiniyoyi suka gamu da matsalolin nan biyu, wato zafin nunar sitaci da rashin ƙaiƙayi. Maganin da suka samo shi ne dafa hatsin a wani mazubi daban kafin a haɗa, da ƙara sinadaran narka sitaci na sayarwa, da kuma sanya injin tata mai matsewa a maimakon dogaro da ƙaiƙayi. A binciken jami'o'i kuma an gwada kwashe ruwan sama a ajiye, a dafa kauri, sannan a mayar, aka ga yana ƙara yawan sukarin da ake samu daga tsiron dawa. Wannan kuwa ita ce dabarar kwatarniya da randa da tukunyar wuta.

Ko a Amurka, inda aka halatta dafa giya a gida da dokar 1978, mai koyo kan fara ne da sarrafaffen ruwan tsiro na gwangwani. Idan ya so komawa ga ƙwayar hatsi zalla, abin da ya saba tanada shi ne mazubi uku, da abin barza, da mataci. Bambancinsa da matar ƙauye shi ne nasa na ƙarfe ne marar tsatsa, kuma yana da ma'aunin zafi.

Kammalawa

Sana'ar ta ja baya ƙwarai a ƙasar Hausa. Rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a 1963 zuwa 1965, da shigar wasu Maguzawa addinin Kirista, da dokokin Shari'a da jihohi 12 suka kafa tun daga Zamfara a 1999, duk sun rage masu dafawa da masu sha. Musulmi ba zai yi baƙin cikin wannan ba. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne ilimin da ke tattare da kayan, domin mafi yawansa bai shafi maye ba. Jiƙo da tsiro da shanya da barza da raba dami biyu, duk ana yin su kafin a kai ga randar tashi, kuma a kansu ne kunun zaƙi ya dogara, inda ake dafa wani kaso na gasara a haɗa shi da ɗanyen kaso mai tsiro ko dankali. A kansu ne kuma lemon malt na kwalba ya dogara, wanda ake sha a gidajen malamai da sarakuna.

Don haka ina ba da shawara biyu. Hukumar Tarihi da Al'adu ta nemi cikakken jerin waɗannan kaya, daga dutsen niƙa har randar tashi, ta ajiye a gidan tarihi tare da bayanin aikin kowanne, ta kuma ɗauki muryar tsofaffin magina da suka rage. Malaman makaranta kuwa, musamman na kimiyya da na tarihi, suna iya nuna wa ɗalibai aikin inzayim da mudun dawa ɗaya da ƙwarya biyu: a dama garin tsiro, a kwashe ruwan sama, a dafa kauri, a haɗa, yara su ɗanɗana zaƙin da ya fito tun yana kunu. Allah Ya sa mu dace, amin.